Taku Bakwai Daga Bakin Rijiya

Duk wanda ya taɓa zama a unguwar bayan karar shanu ta Illela ya san gidan Inna Ramatu, ko da bai san sunanta ba. Gidan rijiya ake cewa. Ƙofar zaurensa ba ta da sakata, don ba a taɓa sa mata ba. Daga hantsi har faɗuwar rana mata ne ke shiga da bokitai da jarkoki, ladanin masallacin unguwa ya aiko a cika randunan alwala, masu kora shanu kasuwa su tsaya su jiƙa maƙoshi. Rijiyoyin unguwar duk zartsi ne, ka sha ka ji kamar an jiƙa kanwa. Ta gidan Inna Ramatu kaɗai ce mai daɗi.

Ita Ramatu 'yar Gidan Katta ce, ɗiyar manoman albasa. Ta auri Malam Yari mai haƙar rijiya, mutumin da ya fasa ƙasa daga Araba har ƙauyukan da ke bayan Konni, kuma a shekarunsu na fari ba zaman ɗaka ta yi ba. Tare suke tafiya. Yana can ƙasa da diga, tana sama tana jan gugar ƙasa tana juyewa. A nan ta koyi abin da mata da yawa ba su sani ba: ta damƙi ƙasa ta gaya maka saura gaba nawa a cim ma ruwa, ta ɗanɗana ruwa ta gaya maka ko ta cikin yashi ya biyo ko ta cikin dutse. Malam kan ce harshenta ya fi idonsa.

Rijiyar ƙarshe da ya haƙa ita ce ta tsakar gidansa, ya kuma ce sadaka ce har bayan ransa. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, abu biyu ya bar mata. Na ɗaya, kada a taɓa ce wa mai neman ruwa babu a gidan nan. Na biyu, kada a haƙa salga ta gabas da rijiya, don ta nan jijiyar ruwan take shigowa. Shi ya sa salgar gidan take can ƙuryar yamma, bayan turken awaki, taku arba'in daga bakin rijiya. Shekara goma sha tara Ramatu tana riƙe da maganganun nan biyu, ba ta saki ko ɗaya ba.

Taku arba'in ba komai ba ne ga mai ƙafa. Amma gwiwoyin Ramatu sun gaji, kuma wata damina santsi ya kwashe ta a kan hanyar salgar, ta kwanta cikin taɓo har sai da masu ɗiban ruwa suka ɗaga ta. Autanta Mukhtari, mai canjin naira da sefa a bakin iyaka, da ya ji labari sai idonsa ya kawo ruwa. Ya rantse kafin wata daminar sai ya yi mata banɗaki na zamani manne da ɗakinta, da masai na zama, da famfo, da tanki a sama. Niyya ce ta ɗan kirki, ba wanda zai ce ba haka ba. Sai dai ɗakin nata ta gabas da rijiya yake.

Da farko Mukhtari ya yi niyyar kiran Bashar, wani mai aikin famfo da ya yi wa rabin sababbin gidajen garin aiki, ba a kuma taɓa jin an sake kiransa gyara ba. Sai maganar ta kai kunnen Sirajo, mijin Latifa, 'yar farin Inna Ramatu. Ya tako har rumfar Mukhtari yana dariya, ya ce ashe ana da na gida za a kira bare.

To, a yi wa Sirajo adalci. Makanikin babur ne, kuma gwani. Babur ya zo masa a mace ya tashe shi. Aikin famfo kuwa, abin da ya sani shi ne wani rani da ya yi leburanci a wani gini a Abuja, yana ɗauko wa masu aikin bututu yana miƙa musu gam. Daga nan ya dawo da sufana biyu da tabbacin cewa ya iya. Abin da ke ƙona mini rai har yau, ba a samu mutum ɗaya da ya ce masa, ina ka taɓa yi, kai mu mu gani ba. Mukhtarin da ba ya karɓar takardar sefa sai ya ɗaga ta ga rana, shi ne ya miƙa aikin gidan uwarsa ba tambaya ko ɗaya.

Kuma ba sakaci kaɗai ba ne. Tsakanin Mukhtari da Sirajo wasa ne, irin na ƙanin mata da mijin yaya. Ba su taɓa yin magana ta minti biyu ba tare da zolaya ba. Tsakanin Ramatu da Sirajo kuwa kunya ce, irin ta suruka da suruki, mai kauri. Shekara ashirin da uku yana auren ɗiyarta, ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa cin abinci yana gani ba. In ya shigo sai ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa can nesa, ita kuma ta ja mayafi ta amsa gaisuwa tana kallon bango. Duk gidan nan, babu mai iya gaya wa Sirajo magana ta gaske ya ji ta a matsayin ta gaske.

Ranar da aka fara aiki, Mukhtari ya wuce Maraɗi wajen harkokinsa. Ramatu na zaune bakin ƙofarta tana tsince wake, ta ga surukin nata ya zagaya bayan ɗakin da igiya da turaku. Ya kafa, ya ja layi, ya ɗaga diga. Ba ta bukatar igiya ita. Da ido ta auna daga inda digar ta sauka zuwa bakin rijiya, ta samu taku bakwai, kuma daidai gabas. Waken ya zube daga faifai ba ta ma sani ba.

Ta aika aka kira Latifa. Ita ma ɗin 'yar fari ce, ba a kama sunanta, ba a doguwar hira da ita.

"Ke," Ramatu ta ce, tana kallon ƙasa, "ki hwaɗa ma mai aikinga wurin bai yi ba. Malam ya hana a gina salga gabas ga rijiya."

"To, Inna," in ji Latifa.

Latifa ta tafi tana juya maganar. Mijinta ya kwana biyu yana murna an ba shi aikin gidan surukai, ya gaya wa duk 'yan garejinsu. Ta je ta ce masa uwarta ta ce bai iya ba? Ta isa bakin ramin, ta ga gumi na zuba daga goshinsa, sai ta ce, "Inna na gaishe ka da aiki. Ta ce dai a yi hankali da rijiya." Ya ce ai ba zai bari ko tsakuwa ta faɗa ciki ba, har ya sa aka rufe bakinta da kwanon rufi don ƙura.

Washegari ramin ya kai ƙugu. Ramatu ta sa aka buga mata wayar Mukhtari, ta gaya masa wasiyyar ubansa tiryan-tiryan. Ya yi dariya, dariyar ɗan da ke ganin uwarsa ta tsufa.

"Inna, waccan salgar da ta, ta ƙasa zalla. Wagga da bulo da siminti aka yin ta, ko ɗigo ba ta yi. Amma bari in kira shi."

Ya kira shi kuwa. "Kai makanike, Inna ta ce kak ka kashe mata rijiya." Sirajo ya ce in ya kashe ya biya da ƙanin mata. Suka ƙyalƙyale da dariya su biyu, aka kashe waya.

Saura hanya ɗaya, kuma Ramatu ta san ta. Rana ta uku da la'asar ta dafa sandarta ta miƙe. Ta zagaya bayan ɗakin a hankali, maganar na bakinta a shirye, ta ma maimaita ta sau uku a zuci. Sirajo na hango ta ya yi tsalle ya fito daga ramin, ya watsar da takalmansa, ya zube ƙasa kansa a sunkuye.

"Inna, ina wuni. Da kanki? Da kin aiko."

Ta dubi ƙeyarsa da ta yi furu-furu da ƙasa. Ta dubi leburori biyu da suka tsaya suna kallo. Ta tuna wannan mutumin ne ya ɗauki makarar Malam a kafaɗarsa, bai kuma taɓa ɗaga ido ya dube ta ba. A gaban bare za ta ce masa bai san aikinsa ba, gobe a ji a gari surukar Sirajo ta kore shi daga aiki, ɗiyarta ta rasa inda za ta sa fuska. Hannunta ya ja mayafi da kansa.

"Sannu da aiki," ta ce. "Allah shi yi albarka."

Ta juya ta koma ɗaka, ta zauna bakin gado. Ta ce wa kanta ƙila Mukhtari ya yi gaskiya, ƙila siminti ya canza duniya. Ba ta yarda ba, amma ta ce.

Banɗaki ya yi kyau, wannan kam ba musu. Tayil fari tas, ka danna ruwa ya zubo da ƙara ya tafi da komai. Matan unguwa suka riƙa leƙowa kallo, jikoki suka mayar da shi wurin wasa, baƙin suna da na biki kowa sai ya gwada. Ramatu ta yi mako guda tana jan ƙafa zuwa tsohuwar salga, daga baya gwiwa ta fi ƙarfinta ta haƙura. Aka gama aiki da bazara, damina ta sauka da ƙarfinta.

Ita ta fara ji. Wata safiya cikin watan takwas ta kurɓi ruwan randa, ta tsaya da shi a baki. Wani abu ne can ƙasa-ƙasa, wanda ba yashi ba, ba dutse ba. Ta tofar. Ta ce ruwan sama ne ya dama rijiyar. Mako uku tana cewa ruwan sama ne, mako uku mata na shiga da bokitai tana amsa musu sallama. Wannan mako ukun ne har yau ba ta yafe wa kanta ba, ni ma in aka tambaye ni ban san me zan ce ba.

Sai jikokin maƙwabta suka fara gudawa, gida uku a jere. Sai liman ya aiko, cikin ladabi, wai ruwan alwala ya ɗan canza, ko wani abu ya faɗa rijiyar. Aka leƙa da madubi, ba ɓera ba kaza. A ranar Mukhtari ya ɗauko Bashar a bayan babur.

Bashar mutum ne mai ƙarancin magana. Bai ko shiga banɗakin ba. Ya tsaya bakin rijiya, ya taka zuwa murfin ramin yana ƙirgawa a fili, ya tsaya a bakwai. Ya sa aka ɗaga murfin ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba.

"Rami guda anka yi?" ya tambaya.

Mukhtari ya ce guda ne.

"Biyu aka yi. Na hwarko a shahe shi da siminti ciki da ƙasa, shi riƙe ƙazanta. Na biyu shi aka bar ma huji don ruwa shi tsotse, kuma shi nesa aka kai shi, nesa ƙwarai da inda aka sha. Wanga ya ga na biyu anka yi a wani wuri, bai ga na hwarko ba. Gindinai yashi na zalla, ko daɓe babu." Ya dubi Mukhtari. "Wa ya yi aikinga? A ina ya taɓa yi?"

Tambayar da ya kamata Mukhtari ya yi tun bazara ce, yanzu wani ke yi masa ita a tsakar gidan ubansa.

Bashar ya ce kada su ɗauki maganarsa, su gani da idonsu. Ya aika shago aka sayo bular wanki ƙulli goma, ya dama a bokiti, ya juye cikin masai, ya bi da ruwa bokiti shida. Ya ce kada kowa ya sha na rijiyar, a jira. Ranar farko aka ja guga, ruwa garau. Sirajo ya ji labari ya ce da ma ya faɗa. Har Ramatu ta ɗan samu abin da za ta riƙe.

Rana ta biyu da hantsi mata sun taru, ba don ɗiba ba, don gani. Ramatu ta ce a ba ta igiyar. Aka ce Inna gwiwarki, ta ce a ba ta. Ta zura gugar da hannunta kamar yadda ta yi shekara arba'in, ta ji ta cika, ta jawo a hankali. Ta juye cikin farar roba.

Ruwan shuɗi ne. Ba shuɗi mai duhu ba, shuɗi-shuɗi kamar na ɗaurayar farin kaya, amma ko makaho aka gaya wa ya gane. Wata mata ta saki bokitinta ta toshe baki ta fita da gudu, aka jiyo ta tana amai a zaure. Wata ta ja ɗanta ta rungume tana salati ƙasa-ƙasa. Ladan, da ya zo da kansa, ya tsaya yana kallon tafin hannunsa, ka san sallolin wata huɗu yake tunani, da bakin da ya kurkure, da fuskar da ya wanke. Ba wanda ya zagi kowa. Da sun yi zagin ma da ya fi sauƙi.

Ramatu ba ta yi kuka ba. Ta tsaya da igiya a hannu tana kallon robar. Abin da ke fita daga jikinta, shi ta yi wata huɗu tana ba mutane da sunan sadakar Malam, suna sha suna yi masa addu'a. Ta ji kunyar da ba ta taɓa sanin akwai irinta ba, wadda ta mayar da waccan ta bayan ɗaki abin wasa.

Duba-gari ya zo ya ce a rufe. Mukhtari ya roƙi Bashar ko yasa za ta yi magani. Bashar ya ce za a kwashe ramin a cike shi, a yi wani can yamma inda ya dace tun farko, amma ƙasar da ke tsakani ta riga ta sha. Shekara ɗaya, biyu, ko fiye, shi ba zai rantse wa kowa ba, kuma ba zai ba ɗansa ya sha ba.

Da la'asar Sirajo ya zo. Ya tuɓe takalmi a zaure, ya durƙusa inda ya saba, ya kasa ko gaisuwa. Latifa na raɓe jikin bango tana sharar hawaye. Ramatu ta fito, ba ta ja mayafi ba, ta dube shi ido cikin ido.

"Sirajo," ta ce.

Latifa ta dafe ƙirji. Mukhtari ya ɗago kai kamar an mare shi. Shi kuwa mai sunan sai ya ƙara dunƙulewa, don bai taɓa jin sa daga bakin nan ba.

"Ba ka iya ba, kac ce ka iya. Wannan naka na. Amma ni na ga inda kas sa diga. Na san ƙasag ga kamar tahin hannuna. Na taho in hana ka, nic ce maka sannu da aiki." Ta numfasa. "Tashi. Kai za ka aza mata marhi, ni in kama maka."

Haka aka yi. Aka zuba murfin kankare, maza huɗu suka ɗauko, Sirajo a gaba yana kuka kamar ƙaramin yaro, Ramatu ta ɗora tafinta a gefe har ya zauna daram. Ta naɗe igiyar gugar da kanta ta rataye a ɗaki.

Mukhtari ya shirya da mai kura ya riƙa kawo jarkoki kullum daga rijiyar burtsatse ta bakin tasha, a cika randunan gidan, don kada a karya maganar Malam. Matan unguwa dai sun daina zuwa, ba don fushi ba, don ba su san da wane ido za su dube ta ba.

Ran Lahadi, ranar kasuwa, sai ga sallama a zaure. Ummu ce, wata tsohuwar Bafulatana mai tallar nono daga rugagen bayan Araba, wadda shekara talatin ba ta taɓa wuce gidan nan ba tare da ta sha ruwa ba. Ba ta ji komai ba. Ta sauke ƙwaryarta, ta zauna a inuwa, ta ce a taimake ta da na sha. Ramatu ta dafa sanda ta je randa, ta ciko moɗa har baki, ta kawo mata da hannu biyu.

Ummu ta kurɓa sau ɗaya ta sauke moɗar. Ta leƙa ciki, ta dubi Ramatu.

"Wanga ba ruwan Malam ba na," ta ce. "Ina na rijiya?"

Sai a lokacin Ummu ta waiga ta ga kankaren. Ramatu ta buɗe baki, ta nemi wata kalmar da za ta sa a wurin, ta duba ko'ina ba ta samu ba.

"Babu," ta ce.